Keke Huɗu, Birki Ɗaya

A shekarar da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, aka ce farar hula su karɓi ragama, babu wanda abin ya hau wa kai a duk Nasarawar Kaduna kamar Wilson mijin Juliana tela. Da ma can mutum ne mai baki. Ya yi shekaru a wata masaƙa a Kakuri, aikinsa kuwa bai wuce bin injuna da 'yar butar mai yana ɗiga musu ba, amma ranar da aka rage ma'aikata sai ya dawo gida da sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya yanka ragon. In ka ba shi wurin zama zai rantse maka cewa masu masaƙar ba sa tayar da inji sai ya kasa kunne ya ce a tayar. Tun da aka sallame shi kuwa ko fitila bai gyara ba. Sai dai ya kwance rediyon maƙwabta ya mayar, a ga ragowar kusoshi a hannunsa, ya ce ai kamfani ne ya yi almubazzaranci.

Juliana ce ke riƙe da gidan. Shagonta na cikin jerin shagunan teloli a kan hanyar da ke gangarawa Kudenda, kekenta na ƙafa ne, baƙi, tsoho, ba ya mata gardama. Abin da take tinƙaho da shi a duniya ɗaya ne: ita ke ɗinka wa zumuntar matan cocinsu anko tun 'yarta Jessica tana goye. Na bana kuwa ya fi na kullum tsada a zuciya, domin atamfa ce da aka buga musu musamman da tambarin zumunta, daga wannan bugun kuma masaƙar ta rufe sashen buga atamfa. Ko ka zo da buhun kuɗi ba za ka sami ƙyalle ɗaya ba. Ita za su sa ranar sujadar godiya ta dawowar mulkin farar hula. Mama Deborah, shugabar zumunta, da kanta ta kawo atamfar, ta ce, "Juliana, ga mutuncinmu nan a hannunki." Juliana ta auna kowace mace, ta yanka, ta ninke ta kowa daban, ta zuba a akwati ta kulle.

Tana shirin fara ɗinki sai aka aiko kawunta ya rasu a Kachia. Tana ɗaure kaya, Wilson yana tsaye a kan kekenta ya riƙe ƙugu yana girgiza kai.

"Maman Jessica, kin san keken nan na mulkin soja ne?"

"Ina jinka."

"Mutum ɗaya ya taka, mutum ɗaya ya tsaya, ba ya shawara da kowa. Kama-karya ke nan. Ni a kaina akwai keken da jama'a za su taka tare."

"To ya zauna a kan naka," in ji ta. "Baban Jessica, dube ni da kyau. Ka taɓa kekena, ko ka taɓa akwatin nan, ni da kai ne."

"Haba, sai ka ce yaro. Allah ya kiyaye hanya."

Motarsu ba ta wuce Sabon Tasha ba Wilson ya tara telolin layin. Akwai Malam Audu, dattijo mai ɗinkin kaftani da ke zuwa daga Makera, da Asabe mai ɗinkin kayan yara, da Lizzy wadda ba a cinye ta a gardama. Duk ƙafafunsu sun kumbura, don a lokacin kowane ɗan siyasa da ya ci zaɓe sai an yi masa anko. Wilson ya hau benci ya yi musu bayani. Za a haɗa kekuna huɗu a kan sandar ƙarfe guda, a ɗaura babban wili a ƙarshenta, kowa ya taka kaɗan, ƙarfi ya taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'an nan ya rage murya ya ce sabon kansila, Honarabul Derrick, abokinsa ne na ƙut da ƙut, kuma ya yi alkawarin duk wanda ya nuna masa fasaha shi zai ɗinka kayan 'yan makarantar mazaɓar kakaf.

Malam Audu ya ce, "Injiniya, keken da kake raina ɗin nan, da shi na aurar da 'ya'yana. Bai taɓa kawo ƙarata ba."

"Ai shi ne matsalar, Malam. An danne shi, ba ya iya magana."

"Kai ka taɓa ɗinka ko aljihu?"

"Wanda ya ƙera jirgi ba shi ke tuƙawa ba."

Lizzy ta ce, "Wanda ya ƙera jirgi dai ba ya tafiya Kakuri a ƙasa." Aka yi dariya. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, maganar kayan 'yan makaranta ta riga ta shiga kunne. Suka amince.

Wilson ya samo sandar ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, da wilin wani mataccen injin niƙa wanda sai da ƙarti suka ɗauko shi. Nuhu mai walda, wani ƙato da bai taɓa zura zare a allura ba, shi ya yi haɗin a rumfar da ke gaban shagunan. Da aka gama ya tambayi ladansa, Wilson ya dafa shi ya ce wanda ya yi wa jam'iyya wahala muƙami ake ba shi. Nan take ya naɗa shi a kujera ta huɗu, wato keken Juliana, wanda aka riga aka jawo daga shago.

An jera su biyu suna fuskantar biyu, wai don a riƙa tuntuɓar juna. Aka kawo tsummoki, Wilson ya ce a taka. Kekunan Lizzy da Nuhu suka kama ɗinki, na Malam Audu da Asabe kuwa suka juya da baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, allurar Asabe ta karye.

"Wilin nawa baya yake yi," in ji Malam Audu. "Sanda ɗaya ce, mu muna wannan gefen, su suna wancan. Ba ka yi wannan tunanin ba?"

"Na yi mana. Adawa ce, Malam. Ba a dimokuraɗiyya sai da ita."

"To adawar ta cinye mini zare."

Wilson ya ce za a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. Aka sake walda, aka dawo da kowa gefe guda. Rumfar ba ta da faɗi, sai suka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar fasinjojin bas, ƙyallen kowa yana shafar wilin na kusa da shi. Aka sake takawa. Wannan karon kam abin ya tafi, babban wili ya ɗauki gudu, rumfa ta cika da ƙara, Wilson yana zagayawa yana duban masu wucewa ko sun gani.

Sai Lizzy ta iso kwanar ƙyallenta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya san ɗinki tafiya ce da tsayawa, a taka kaɗan, a tsaya, a juya ƙyalle, a ci gaba. Lizzy ta ɗage ƙafa, feda ta ci gaba da rawa ita kaɗai, har ta maƙe ta a idon sawu.

"Injiniya, abin nan ba ya tsayawa."

"Don ke kaɗai? Da can ke nan." Ya nuna wani katako da aka manna wa tsohuwar taya aka ɗaura a gefen babban wili. "Ga birki nan, ɗaya ne, yana hannun shugaba. Mai son a tsaya ya ɗaga hannu. In uku suka ɗaga a cikin huɗu, sai in ja."

Asabe ta ce, "Da wane hannun? Biyun duk suna kan ƙyalle."

"'Yanci ba ya samuwa a ɓagas."

Malam Audu ya ce, "In aka kira salla fa?"

"Ka tashi abinka, kekenka zai ci gaba da wakiltarka. Haka ake yi a majalisa."

Suka yi ta gwaji a kan tsummoki. Ba a taɓa samun uku ba, domin lokacin da wannan ya iso kwana wancan yana tsakiyar miƙaƙƙen layi, shi kuwa Nuhu daɗin takawa yake ji, ba ya ɗaga hannu ko za a yanka shi. In an gaji sai a lallashe shi ya sauka, a zauna a jira wili ya gaji don kansa. Malam Audu ya ce a ƙara kwanaki ana gwadawa. Wilson ya ce ina, an riga an gayyaci Honarabul ranar Asabar, kuma ba a ɗage bikin ƙaddamarwa don aiki bai kammala ba, ba a taɓa yi ba.

Ranar Asabar gari ya waye da sauran laimar ruwan jiya. Aka shimfiɗa buhuna a kan taɓo, aka jera kujerun haya, Nasarawa ta fito kwanta da kwarkwatarta. Wilson ya sa kwat, ya maƙala fensir a kunne. Da ya dubi tsummokin gwaji sai ya ga ba su dace da idon babban baƙo ba. Ya shiga shago, ya sa sukundireba ya ɓalle kwaɗon akwati, ya fito rungume da atamfar zumunta.

Malam Audu ya ce, "Wannan ba ita ce aka ce kada a taɓa ba?"

"Maman Jessica ta aiko daga Kachia, ta ce a taimaka mata," in ji Wilson, ko ƙifta ido bai yi ba. Har ya tura a kira Mama Deborah da matanta su zo su ga yadda za a gama musu anko kafin shayi ya huce. Suka zo, suka zauna a sahun gaba, Mama Deborah tana ta duban atamfar.

Honarabul Derrick ya iso a makare, cikin babbar riga sabuwa fil mai sitaci, wadda da gani ka san bai saba da ita ba, sai tattare hannuwa yake yi suna zamewa. Bai gane Wilson ba, amma da ya ga jama'a sai ya rungume shi. Ya yi jawabi a kan romon dimokuraɗiyya, ya yanke ƙyallen ƙaddamarwa, ya ajiye almakashin a kan benci. Wilson ya raba wa teloli yankakkun riguna yadda hannunsa ya kai, gaban rigar wannan da bayan ta waccan, ya riƙe birki, ya ce a taka.

Na ɗan lokaci abin ya burge. Jama'a suka yi tafi. Nuhu da ya ji tafi sai ya ƙara wuta.

Malam Audu ne ya fara isowa wuyan riga. Ya ɗaga hannu, ƙyalle ya karkace, allura ta bi ta kan wuyan ta rufe shi ruf.

"Ƙuri'a ɗaya," in ji Wilson da ƙarfi don Honarabul ya ji. "Ba ta wuce ba."

"Asabe, ɗaga mini," in ji Malam Audu.

"In na ɗaga maka yanzu, za ka ɗaga mini in na zo hannun riga?"

"Na yi alkawari."

Ta ɗaga. Biyu ke nan. Aka juya ga Lizzy, ta ce ita ba ruwanta, layinta miƙaƙƙe ne, kuma jiya da ta nema ba wanda ya kula ta. Kafin a gama lallashinta Asabe ta sauke nata don ta ceci ƙyallenta, Lizzy kuma ta iso kwana ta ɗaga, aka koma biyu. Honarabul ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wallahi kamar a sakatariya.

Ana cikin haka zaren ƙasa na keken Asabe ya ƙare. Keken da ba zare kuwa ba ɗinki yake ba, huda yake yi, sai ga atamfa tana fitowa kamar rariya. Ta ɓangaren Nuhu ba a magana, duk abin da ya zo kusa turawa yake ƙarƙashin allura, riga a kan riga, hannu a kan wuya, suna fita ta baya a sarƙe da juna suna taruwa a ƙasa. Wilin Lizzy ya cafki gefen ƙyallen Malam Audu ya nannaɗe.

Mama Deborah ta miƙe. "Wilson, tsayar da abin nan."

"Mama, a bi doka. 'Yan kallo ba su da ƙuri'a."

Honarabul ya ga mai hoto ya ɗaga kyamara, sai ya matso ya sunkuya kusa da Nuhu kamar mai duba aiki. Hannun babbar riga ya zame ya faɗa a kan tebur. Nuhu ya ga ƙyalle, ya tura.

Da farko Honarabul murmushi ya yi wa kyamara. Da ya ji ana jansa ta kafaɗa sai murmushin ya gudu.

"Kai, kai, rigata. A tsaya."

"Ranka ya daɗe, sai an sami uku."

"Ni ne kansila!"

"Na sani, ranka ya daɗe, amma ba a mazaɓar keken nan kake ba."

Riga ta ci gaba da shiga, Honarabul ya durƙusa, hularsa ta faɗa taɓo. Malam Audu ya saki ƙyalle ya ɗaga hannu biyu, Asabe ta ɗaga, Lizzy ta ɗaga, matan zumunta suka ɗaga, har mai sayar da rake a bakin titi. Wani ya finciko Nuhu daga kujera. Wilson ya gyara kwat, ya sanar da cewa ƙudiri ya wuce da gagarumin rinjaye, ya ja birki. Katakon ya fito a hannunsa gaba ɗaya. Ai tun da aka ɗaura shi ba a taɓa gwada shi ba, don ba a taɓa samun rinjaye ba. Babban wili kuwa bai san an yi zaɓe ba, juyawarsa kawai yake yi.

A daidai nan ɗan acaɓa ya sauke Juliana da ƙullin kayanta da ƙurar hanya. Ta ga taro a ƙofar shagonta, ta kutsa. Ta ga kekenta a tsakar rumfa yana cin rigar baƙo, ta ga atamfar zumunta a cikin taɓo. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki almakashin da ke kan benci, ta bi bel ɗin kekunan ɗaya bayan ɗaya tana datsewa. Kekuna suka yi tsit. Wili da ya ji ba kaya a kansa sai ya ƙara gudu, waldar Nuhu ta saki, ya sauka ya gangara ta tsakiyar kujeru, jama'a suna darewa, ya je ya kwanta a kwata.

Sai da aka yanke hannun babbar riga kafin Honarabul ya miƙe. Ya shiga mota da singileti a waje, ya leƙo ya ce shi bai taɓa ganin mutumin nan ba a rayuwarsa.

Mama Deborah ta sunkuya ta ɗago riga ɗaya, sai biyar suka biyo ta, da guntun rigar kansila a tsakiya. Ta ɗago wata, ba wuya. Ta ɗaga wata sama, rana ta ratso ta cikin hudojin.

"Mama," in ji Juliana, "na kulle akwatin."

"Na sani, 'yata. Amma akwati ba ya tsare kaya daga wanda ke kwana a ɗaki ɗaya da ke." Ta juya ga matan. "Ku tattara abin da zai ɗinku, a kai wa Eunice tela a Romi. Sauran kuma kowa ta sa abin da take da shi."

Wannan maganar ta fi wa Juliana zagi ciwo. Tana tsaye tana kallo aka kwashe aikin da ta riƙe shekara da shekaru, aka bar mata tulin da ba ya moruwa. Hawaye ya zubo mata, ta sa gefen zani ta share.

Wilson ya matso, har yanzu katakon birki na hannunsa. "Maman Jessica, kada ki damu. Kowace sabuwar gwamnati tana gadon matsaloli. Na gano inda kuskuren yake, daga wajen walda ne. In aka ba ni wa'adi na biyu..."

Juliana ta juyo. Ta ɗaga almakashin, ta yi magana a hankali, amma har na bayan taro sun ji.

"'Yan'uwana mutanen Nasarawa, ku zama shaida. Daga yanzu an yi juyin mulki a gidan nan. An rushe majalisa. An haramta taron fiye da mutum ɗaya a kusa da kekena. An rufe iyakar shago da ta kicin. Tsohon shugaba zai zauna a ƙofar nan da reza, ya farke abin da gwamnatinsa ta ɗinka, zare bayan zare."

Malam Audu, yana jan kekensa zuwa shago, ya ce shi dai ya yi mubaya'a.

Ranar sujadar godiya matan zumunta suka shiga coci, kaɗan da anko, sauran kowa da kalar zaninta, abin da ba a taɓa gani ba. Juliana ba ta shiga sahunsu ba, a bencin baya ta zauna, ta fita kafin a tashi.

Shi kuwa Wilson, in ka bi ta hanyar Kudenda a makonnin da suka biyo baya, za ka same shi a kan tabarma a ƙofar shago, da kwat ɗinsa da reza, tulin atamfa a gabansa, yatsu duk filasta. Duk wanda ya tsaya sai ya gaya masa cewa tsare shi aka yi saboda ra'ayinsa na siyasa, kuma manyan mutane duk sun bi ta nan. Wata rana Lizzy ta tsaya a kansa ta ce, "To Injiniya, yaushe za a miƙa mulki ga farar hula?"

Ya buɗe baki zai ba da rana. Daga cikin shago Juliana, ba ta ko ɗago kai daga kan keke ba, ta ce, "An ɗage."